Albasar Ulu Ba Ta Sa Hawaye

Ga hunturu ya kawo kai, kowace mai kwarashi ta zaro abinta daga inda ta ɓoye shi tun bara, masu sayar da ulu kuma sai murmushi su ke yi. Bana kuwa wani sabon abu ya shigo cikin saƙar. Ban da hula da safa da rigar sanyi da muka saba, 'yan mata da amare sun tsiri saƙa abinci. I, abinci na ce. Tumatir na ulu, tattasai na ulu, har da ayaba, a jera su cikin faranti, in kin hango daga nesa sai ki ce cefane ne aka kawo. Ba a ci, ba a sawa a jiki, ba ya maganin sanyi. Don nishaɗi kawai a ke yinsa.

A kan wannan ne wata 'yar'uwa ta rubuto mini daga Kebbe. Ta ce shekararta biyu da aure, ba ta fita, in ta gama aikin gida sai zaman shiru. Ta ga irin wannan saƙa a waya, ta gwada da ragowar zaren da ta yi wa ɗanta hula, ta saƙa tumatir uku da attarugu ɗaya, ta aza bisa kwalla. Uwar mijinta ta shigo ta gani, ta yi mata faɗa a kan abu uku. Na ɗaya, wai ɓarnar zare ce. Na biyu, wai wasa da abinci ne a lokacin da abinci ya ke gagarar mutane. Na uku, wai ta ji tsoron Allah, kada ta cika wa ɗanta ɗaki da gumaka. Tun ran nan ta ɓoye kwarashin, tana tambaya ko ta bari ke nan har abada.

To, 'yar'uwa, ni dai ba zan ce ki bari ba. Amma kuma ba zan ce Inna ba ta da magana ba. Bari mu bi abin a hankali.

Kakanninmu ba su san kibiya da kwarashi ba. Aikinsu kaɗi ne. Su gurje auduga, su shiɓe ta, su ɗauki mazari da ɗan alli a yatsa, su fid da abawa da arafiya, masaƙa su saya. Irin saƙar da mu ke yi yau da ulu ta biyo makarantun 'yan mata ne da matan Turawa. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na En'e a Kano da Katsina, a 1939 kuma aka buɗe makarantar horon malamai mata a Sakkwato. Ɗinki da saƙa da tsabta suna cikin manyan abubuwan da a ke koyarwa a irin waɗannan makarantu. Daga nan abin ya shiga gidaje, uwa ta koya wa 'ya, maƙwabciya ta koya wa maƙwabciya, har ya zama kamar da shi muka tashi.

Amma ku duba da kyau. Tun daga kaɗi har zuwa kwarashi, duk abin da mace ta yi da zare, don wani ta yi shi. Hula ta jariri ce, safa ta yaro ce, rigar sanyi ta maigida ce, abin rufe kwano na baƙi ne. In kuwa ba ta yi don wani ba, ta yi don kuɗi. Shi ya sa da aka ga mace ta saƙa abin da ba shi da wani aiki sai dai ta dube shi ta yi dariya, sai abin ya zama baƙo. Alhali kuwa maza suna zama gindin bedi su buga dara tun daga la'asar har magariba, samari su yini suna gardamar ƙwallon Ingila, ban taɓa jin an tambaye su nawa suka samu ba. Ba na ƙyashinsu. Hutawa ce, ɗan Adam kuwa ba jaki ba ne. Abin da na ke cewa, matar da ta tashi tun asuba, ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ta dafa, ta yi wa yara wanka, ita ma tana da haƙƙin sa'a guda da za ta yi abin da ya faranta mata rai ba tare da an nemi ta kawo dalili ba. Wadda ba ta fita kuwa ta fi kowa bukatar wannan, gama zaman shiru cikin ɗaki shi ke haifar da tunani, tunani ya haifi ciwon kai da yawan fushi, daga nan sai a ce amarya ta canza hali.

Zancen wasa da abinci kuma, wace ce a cikinmu ba ta yi tuwon ƙasa ba? Mu tara ƙasa, mu kwaɓa da ruwa, mu tsinko ganye mu ce miya ce, mu zuba a gwangwani ko sakaina, mu kai wa iyayenmu mu ce su ci. Su kuwa su yi kamar suna ci, su ce kai, wannan miya ta ji daddawa! Inna da kanta ta yi, ta kuma yi 'yar tsana da kara ko da ƙashi ta goya. Babu wanda ya ce mun wulakanta tuwo. Wulakanta abinci shi ne a zubar da shi a kwata, ko a bar shi ya lalace ga maƙwabci yana jin yunwa. Tumatir na ulu bai rage wa tukunya kome ba. Tuwon ƙasa ne ya girma ya yi wayo, ya daina ɓata tufafi.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, ni kuwa ba malamar addini ba ce, malamar firamare ce. Amma ga abin da ke cikin littattafan da kowa ke iya dubawa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz, Allah ya yarda da ita, cewa a Madina su kan sa yara ƙanana azumin Ashura, su yi musu abin wasa na ulu, in yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala har rana ta faɗi. Kun ji, na ulu. Ashe matan sahabbai sun riga mu yi wa yara abin wasa da irin wannan zare. Haka kuma an ruwaito wani mai sana'ar yin siffofi ya je wurin Ibn Abbas, ya hana shi siffanta abu mai rai, ya ba shi shawara in tilas ne ya yi, to, ya siffanta itatuwa da abin da ba shi da rai. Albasa da kuɓewa a nan suka faɗa. Abin da na ke ba da shawara shi ne a bar kayan miya a matsayin kayan miya. Waɗanda mu ke gani a waya su kan liƙa wa tumatir idanu da baki yana murmushi. Mu ba mu bukatar wannan. Tumatir mai idanu ma ban tsoro gare shi. Wadda har yanzu zuciyarta ba ta kwanta ba, ta sa maigida ya tambayo malamin unguwa, ko ta tambayi malamarsu ta Islamiyya. Tambaya ba ta rage kowa.

Af, kafin in manta. Kada wata ta ji labarin Ashura ta saƙa wa yaro mai koyon azumi masa mai jan baki ta miƙa masa da azahar. Wannan ba lallashi ba ne, mugunta ce.

Inda Inna ta fi gaskiya shi ne zancen tsada. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce farashin abinci ya hau da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda, mu kuwa da ke auna gero da mudu ba mu bukaci a gaya mana ba. Tsohuwar da ta ga irin wannan, ta shigo ɗaki ta tarar da tumatir ɗin da ba a jefawa a miya, dole ranta ya sosu. Saboda haka doka ta farko ita ce wannan: ba a taɓa kuɗin cefane don a sayi zaren wasa. Ba ma sai an saya ba. Duk mai saƙa tana da ƙunshin guntayen zare da suka rage, ja kaɗan, kore kaɗan, babu wanda ya isa safa ko ƙafa ɗaya. Su kan yi shekaru a cikin leda har ɓera ya yi sheƙa da su. Attarugu guda bai cin zaren da ya fi 'yan kamu. Tsohuwar rigar sanyin da ta yi wa yaro kaɗan, wadda ta huje ba ta kyautuwa, a warware ta, a jiƙa zaren a shanya don ya miƙe, ga kayan aiki kyauta. Wannan ba ɓarna ba ce, tattali ne, Inna ma in an nuna mata za ta gane, don su ne ba su yar da ko tsumma.

Ke kuma 'yar'uwa ta Kebbe, kada ki tsaya yi mata bayani irin na makaranta, kada kuma ki sa mijinki tsakani a kan abin da bai kai ya kawo ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Saƙa mata safa tukuna, mai kauri, don sanyin asuba. Da ragowar zaren ki yi albasa guda, ki cusa ta da kyau, ki soka allurai biyu a jiki, ki kai mata ki ce, Inna ga wurin ajiye allura don kada yara su taka. Abin da ta kira banza ya sami aiki ke nan. In ta karɓa, ki tambaye ta ko launin ya yi daidai da na albasar gaske. Tsofaffi suna son a nemi ganinsu, ita kuwa ta yi shekara arba'in tana yanka albasa, ta fi ki sanin kamanninta.

Wannan wasa ba mu kaɗai ke yi ba. A Japan suna da shi tun da daɗewa, suna kiransa amigurumi, watau 'yan ƙananan abubuwa da a ke saƙawa a cusa, daga can ne ya bazu duniya ta intanet bayan shekara ta 2000. A garin Brighton na Ingila akwai wata mata, Kate Jenkins, wadda ta yi suna da saƙa abinci. Ta taɓa shirya rumfar mai kifi sukutum, kowane kifi na ulu, ɓawonsa na 'yan ƙyalƙyali irin na jikin leshi. Wata kuma, Lucy Sparrow, ita ɗinki ta ke yi da wani yadi mai kauri. A 2014 ta cika wani kanti a London da kaya wajen 4,000, gwangwanaye da biskit da alewa, duk ɗinkakku. A 2017 ta yi irinsa a New York da kaya wajen 9,000, mutane suka saye har aka rufe kantin tun ranar rufewa ba ta zo ba.

Ba don mu yi sha'awar kuɗinsu na kawo su ba. Abin da na ke so ku lura, kowace a cikinsu abincin da mutanen garin suka saba gani ta yi. Shi ya sa mutanensu suka gani suka yi dariya, don sun gane abinsu. Mu kuwa fa? Yawancin abin da 'yan matanmu ke nuna mini kek ne mai hawa uku, da askirim, da wani burodi mai nama a tsaka, don su ne a ke nunawa a waya. Yarinya a Sanyinna ta ɓata kwana uku tana saƙa abin da ko kakarta ba ta san sunansa ba, in ta gama babu mai dariya, sai dai a ce mene ne wannan? Alhali ranar kasuwar Tambuwal kaɗai ta ishe mu abin kwaikwayo na shekara. Ga albasa irin ta Aliero mai ruwan hoda da ja, ga tattasai, ga yalo, ga guro, ga rake, ga goro fari da ja, ga dawon fura a ƙwarya, ga masa tana tashi a tanda. Wanda ya ga dawo na ulu a kan faifai, tilas ya miƙa hannu, in ya taɓa kuma tilas ya yi dariya. Daɗin wasan ke nan duka. Babu wani littafin Bature da zai koya miki saƙa ƙuli-ƙuli, sai ki ɗauko na gaske ki aza a gaba, ki dube shi kamar ba ki taɓa ganinsa ba.

To, ga yadda a ke yi. Zan fara da kwarashi, don ya fi kibiya sauƙin yin abu mai dunƙule. Ki zaɓi kwarashi wanda ya ɗan fi ƙanƙanta bisa wanda kin saba yi wa wannan zare, don saƙar ta tsuke, kada abin da kika cusa ya riƙa leƙowa. Ƙullin kuwa gajeren nan ne na yau da kullum, ba dogon da a ke yi wa mayafin jariri ba.

Uwar aikin duka ita ce ƙwallo. Ki yi sarƙa 4, ki haɗa baki ta zama zobe. Cikin zoben ki yi ƙulli 6. Zagaye na biyu ki yi biyu-biyu a kowane ƙulli, sun zama 12. Na uku, ɗaya a na farko, biyu a na biye, har ki kewayo, sun zama 18. Haka za ki riƙa ƙara 6 kowane zagaye, 24, sa'an nan 30. Ki sa guntun zare mai wani launi a mafarin zagaye, in ba haka ba yaro na yin kuka lissafi ya ɓace. Daga 30 sai ki daina ƙari, ki yi zagaye 5 a haka, za ki ga abin ya tashi kamar ƙoƙo. Sa'an nan ki fara ragi, kina haɗa ƙulli biyu su zama ɗaya sau 6 a kowane zagaye, 24, 18, 12. A nan ki tsaya ki cusa. Ki rage zuwa 6, ki zura zare da allura ki tsuke bakin. In zaren fari ne mai duhu-duhu, kin yi dawo ke nan, ba sauran aiki.

Me ya sa 6, ba 5 ko 8 ba? Ba son zuciyar wani ba ne. Mun koya a makarantar horon malamai cewa kewayen da'ira ya ninka nisan da ke tsakanin cibiyarta da bakinta sau 6 da 'yan kai. Saboda haka duk zagayen da kika ƙara, bakin yana neman ƙarin ƙulli wajen 6 kafin ya kwanta shimfiɗe kamar faifai. In kin ba shi ƙasa da haka ya lanƙwashe ya zama ƙoƙo. In kin ba shi fiye da haka ya rasa inda zai sa kansa, sai ya yi ta murɗewa yana tattarewa kamar ganyen salak. Wannan murɗewa ma ba abin rainawa ba ce. A 1997 wata malamar lissafi, Daina Taimina, mutuniyar ƙasar Latbiya da ke koyarwa a jami'ar Cornell ta Amurka, ta ɗauki kwarashi ta saƙa irin wannan siffa don ta nuna wa ɗalibanta wani fannin lissafi da a da sai dai a kwatanta musu da takarda mai saurin yagewa. Manyan malamai suka yi ta mamaki. Ke ma in kina son salak, ki sami koren zare ki yi biyu-biyu a kowane ƙulli zagaye uku a jere, ga ganye ya fito.

Albasa, ƙwallon nan ce, sai dai in kin rage zuwa 6 kada ki rufe. Ki ci gaba da zagaye 3 ko 4 a kan 6 ɗin, shi ne wuyanta, ki ƙarasa da zare mai ruwan ƙasa ki bar bakin a tsattsage kamar busasshen lawashi. A gindi ki ɗaura 'yan guntayen farin zare su zama saiwa. In kina son gwaninta, ki ɗauki zare mai ɗan haske ki ja layuka da allura daga wuya zuwa gindi. Albasa ce wadda ta yi halin ruwa, ba yaji ba hawaye.

Tumatir kuma, bayan kin rufe ƙwallon, ki zura jan zare ta tsakiya daga sama zuwa ƙasa, ki zagayo ta waje ki sake zurawa, sau 5 ko 6, kina ɗan ja. Zai baje ya yi tsaga-tsaga kamar na fadama. Ki yi masa ɗan tauraro kore a ka. Tattasai daga tsini a ke farawa, da ƙulli 4, ana ƙara 2 kawai kowane zagaye har ya kai 18, sa'an nan a rage da sauri. Kada ki cusa shi ya yi tim, tattasan gaske a ɗan lotse ya ke. Attarugu ma haka, cusa kaɗan, ki matse shi da yatsa ya yamutse.

Masa na fi so, don ita ce ta fi ruɗin mutane. Faifai biyu za ki yi, kowane ya kai ƙulli 36, ba tare da kin bar shi ya tashi ba. Ɗaya fari mai ruwan madara, ɗaya mai ruwan zuma, gefen da ya sha tanda ke nan. Ki haɗa bakinsu da zare mai ruwan ƙasa, ki sa cusa kaɗan a tsaka don cikin ya ɗan kumbura. Biyar a faranti, a rufe da faifai, a ajiye wa ƙanen miji mai shigowa yana buɗe-buɗen kwanoni.

Mai koyo kuwa ta fara da ƙosai. Ƙosai ba shi da siffa tsayayya, in kin manta ƙari a nan, kin yi ragi biyu a can, sai ma ya fi kama da na gaske. Na ga yarinyar da hula ta gagare ta wata guda, don ba ta gane ƙari da ragi ba, ta yi ƙosai huɗu da tumatir biyu, ta koma kan hular ta gama cikin kwana biyu. A kan ƙaramin abu kuskure ba ya ciwo, a warware a sake cikin minti goma.

Masu kibiya ba a bar ku a baya ba. Rake naku ne: ki saƙa ɗan dogon ƙyalle mai faɗin yatsa huɗu, duk bayan layi 10 ki sa layi ɗaya na zare mai duhu, shi ne gaɓa, ki naɗe ki ɗinke gefe. Masara kuma ki yi ta da saƙar nan ta ɗaya gaba ɗaya baya wadda a ke sauya wa wuri kowane layi, ita ke fid da ƙwaya-ƙwaya. Guro ne mai wuya, saboda hanyoyin nan biyar na jikinsa. Ni na kan saƙa shi sumul da kwarashi, daga baya in bi in ɗora masa layukan.

Abin cusawa, mafi kyau shi ne guntayen zaren da kika yanke da tsumma mai tsabta da aka yayyanka ƙanana. Auduga tana yi, amma in ta sha ruwa ta kan dunƙule. Audugar rimi tana da laushi, sai dai ba ta son wanki, wuta kuma ba ta yi mata wuya. Kada a cusa gero ko shinkafa ko wake don a ji nauyi. Wannan kam shi ne wasa da abinci, ga shi kuma gayyatar ɓera da ƙwari ne.

Yanzu ga gargaɗi, ina roƙonku ku riƙe shi. Yawancin abin da mu ke kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da a ke yi daga man fetur. In ya taɓa wuta narkewa ya ke yi, ya manne wa fata. Yaro kuwa in an ba shi masa, abin da zai fara tunani shi ne ya kai ta murhu kamar yadda ya ga ana yi, ga shi lokacin jin wuta ne. A ja masa kunne, a kuma sa ido. Na biyu, yaron da bai kai shekara 3 ba kome baki ya ke kaiwa. Kada a ba shi abin da zai shige bakinsa duka, kamar goro ko attarugu, kada kuma a ɗinka wa nasa dutsen ado ko maɓalli ko 'yan ƙyalƙyali. A bar masa manya, irin albasa da masa, a tsuke bakin zare da kyau. Albasar da aka soka wa allura kuwa a rataye ta sama.

Malamai 'yan'uwana, ku ma ga ku ga abin. A aji ɗaya da aji biyu, tumatir 10 na ulu sun fi tsakuwa 10 riƙe hankalin yaro wajen tarawa da ɗebewa, ba su ruɓewa, in an jefi wani da su ba a zuwa asibiti. Na kan shimfiɗa tabarma in sa yarinya guda ta zama mai kayan miya, saura su zo saye da kuɗin takarda, a yi ciniki a ba da canji. Wanda bai taɓa buɗe baki a aji ba, ran nan sai ki ji yana neman ragi. Wata kuma za ta tambaya ko ana sayarwa. Ana iya samun mai saye, musamman masu makarantun yara ƙanana da masu neman abin rataya makulli. In ya zo, madalla. Amma kada ki ɗora wa abin buri har ya koma wani aikin tilas a kan waɗanda ki ke da su.

In sun yi dauɗa, a wanke su da ruwa mai sanyi da sabulu kaɗan, a matse cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shanya a inuwa. Jan zare ya kan zuba, saboda haka kada a jiƙa tumatir tare da dawo, in ba haka ba a sami fura mai ruwan hoda.

Akwai abu ɗaya da na ke nema. Zangarniyar gero na ke so a saƙa, mai tsawo da ƙwayoyinta. Wadda ta san dabarar, ko daga Jabo ta ke ko Dogon Daji ko Kuchi, ta rubuto mana yadda ta yi, da adadin ƙullin kowane zagaye, mu buga a wannan fili. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan kaushi da fashewar leɓe a lokacin hunturu. Ku huta lafiya.